Kwana Taran Lurwanu a Bakin Teku

"To wuƙar fa? Ka gan ta da idonka?"

Lurwanu ya dakata da loma a hannu. "Wace wuƙa kuma, Baba?"

"Ta mai yankan mana. Ba na ce ka dubo min ba? An ce tasu ba ta da ko tsaguwa ɗaya. Da farce suke bin bakinta kafin su ɗora wa dabba."

Radiyya tana zaune a gefen gadon, tana hura cokalin shurba kafin ta kai bakin tsohon. Ba ta ko ɗago kai ba. Shekara huɗu ke nan tana jin irin waɗannan maganganu daga bakin Kawu Sharfuddeen, tun da mantuwa ta fara cin kansa. Wata rana ya tashi ya ce a ɗauko masa takalmi zai tafi mayanka, alhali ya bar fawa tun kafin a kawo ta gidan. Wata rana ya kira ta Tasallah, sunan mahaifiyarta, ƙanwarsa da ya baro a Damagaram tun yana saurayi. Ta saba. Duk abin da ya faɗa sai ta ce "to, Kawu," ta ci gaba da abin da take yi.

"To, Kawu. Buɗe bakin."

Ya kau da kai daga cokalin. Idanunsa yau a washe suke, kamar an goge su.

"Ba da ke nake ba, 'yar nan. Da wannan nake." Ya nuna ɗansa da haɓa. "Kai ba kai ka zo ka tsuguna nan ba? Ka ce, Baba, in mutum ya je ƙasar da ba ta Musulmi ba, ya sauka a otal a bakin teku, kuma otal ɗin abincin Yahudawa yake dafawa, wai kosha suke ce masa, ya halatta ya ci naman? Na ce maka yankan ma'abota littafi halal ne, ka yi bismilla ka ci. Na ce amma ka dubo min wuƙarsu. Ka dubo?"

Sai a lokacin Radiyya ta ɗago.

Ba maganar ce ta tsayar da ita ba. Kalmar ce. Kawu ya yi shekara arba'in yana fawa a Madina, ya san sunan kowace tsoka a jikin rago da Hausa da Larabci, amma ba ta taɓa jin kosha a bakinsa ba, kuma ba ta ga inda zai tsinto ta ba, mutumin da ko talabijin ba ya kallo. Ta juya wajen mijinta don su yi dariyar tare, kamar yadda suka saba. Ta tarar ba ya dariya. Shinkafar da ke hannunsa tana zubowa kan faranti ƙwaya-ƙwaya, shi kuma ya ƙura wa bango ido.

"Baba mafarki ya yi," in ji Lurwanu. "Ya Baba, Yanbu na je. Daura ce, ya'ani kwas na wurin aiki. Ka manta?"

"Yanbu?" Tsohon ya yi tsaki. "Yanbu da Yahudawa? Kai dai ka ce Jojiya. Ni na tsufa, amma ban haukace ba."

Shekaranjiya Lurwanu ya dawo daga tafiyar kwana tara. Ya ce kwas ne kamfaninsu ya tura su Yanbu, tafiyar awa biyu da rabi a mota, kuma ba a yarda kowa ya fita ba sai an gama. Ya dawo fatarsa ta yi duhu, fuskarsa ta cika, har tana tsokanarsa wai wannan kwas ɗin ya karɓe shi. Ya ce iskar teku ce. Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Yanbu ma ai teku gare ta.

Ta ba Kawu sauran shurbar cokali bayan cokali, ta goge masa gemu, ta ba shi ƙwayar azahar da ruwa, ta gyara masa matashi ta juya shi ɓangaren dama don kada bayansa ya yi gyambo. Ta kwashe kwanukan ta wuce kicin.

Tagar kicin ɗin tana kallon Uhudu. Da tsakar rana irin wannan dutsen yakan yi ja kamar an gasa shi, motocin masu ziyara sun jeru a ƙasa, masu dabino da turare sun fake a inuwar rumfunansu. Ranar da aka kawo ta gidan nan amarya, a gaban wannan tagar Lurwanu ya tsaya bayanta ya ce da Hausarsa mai ɗingishi, "Kin ga wannan? Kullum ki tashi ki gan shi, ki tuna ba ki yi nisa da gida ba, gida kika zo." Ta yi kuka ranar, na daɗi. Ɗan kawunta ne da ba ta taɓa gani ba sai a hoto, amma cikin wata uku ta so shi irin son da take jin kunyar a gane a fuskarta.

Ta ji takunsa a bayanta.

"Radiyya."

"Na'am, Yaya."

"Kin san halin Baba. Ya'ani, yau ya ce wannan, gobe ya ce wancan."

"Na sani." Ta buɗe famfo, ta rufe. "Kawo fasfonka."



"Yana ofis."

"To kawo wayarka. Nuna min hoto ɗaya na Yanbu. Ko na ɗakin da kuka yi karatun, ko na kofin shayi."

Ya jingina da firji. Namiji ne dogo, amma sai ta ga ya rage tsawo. Ya shafa fuskarsa da hannu biyu, ya ce da Larabci Allah ya yafe masa, sannan ya koma Hausa, don ya san in maganar ta yi nauyi ba ta karɓarta da wani harshe.

"Ni da abokina Walid muka je. Mu biyu kawai, wallahi. Babu mace, babu komai na haram. Na rantse miki da..."

"Kar ka rantse."

Abin mamaki, da ya ce babu mace sai ta ji wani abu ya ƙara nutsewa a ƙirjinta. Da mace ce, da ta san sunan ciwon, da ta san wa za ta tsana. Amma hutu ne kawai. Hutu.

Wata takwas ke nan da Inna ta faɗi a tsakar gida a Damagaram, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tun ranar Radiyya take roƙon abu ɗaya: sati biyu. Ta je ta ga mahaifiyarta ta dawo. Iƙamarta, takardar zamanta a Saudiyya, a hannun mijinta take, ba ta fita ƙasar sai ya yi mata huruji da auda, izinin fita da dawowa, abin da ba ya ɗaukar minti biyar a waya. Bai taɓa cewa a'a ba. Cewa yake, "Wa zai zauna da Baba?" Hanan ƙanwarsa tana Riyad da 'ya'ya huɗu. 'Yar aiki kuwa Kawu ba ya karɓar abinci a hannunta, sun gwada sau biyu ya yi kwana biyu bai ci ba. Saura shi Lurwanu, in ya sami hutu. Kuma kullum mudir, shugabansu na wurin aiki, ya hana. Bayan Ramadan. Bayan Hajji. Bayan an rufe shekara. Ita kuma tana yi wa mudirin nan addu'a a sujada, Allah ya sassauta zuciyarsa, mutumin da ko sunansa ba ta sani ba.

"Ashe mudir ya ba da hutu," ta ce.

Ta juyo ta fuskance shi.

"Me ka ci?"

"Na'am?"

"A can. Tunda har fatawa ka nema a kansa, gaya min abin da ka ci. Ina so in ji."

"Radiyya, don Allah, wannan ba..."

"Gaya min, Yaya."

Ya gaya mata. Da farko a guntule, kamar ana zare masa ƙaya, daga baya maganar ta fara zuwa da kanta, har ta ga yana mantawa da wa yake magana. Otal ne fari mai hawa bakwai, ƙofarsa ta baya tana buɗewa kan duwatsun bakin ruwa, don tekun can ba yashi gare shi ba, tsakuwa ce baƙa mai santsi. Walid ne ya samo shi. Walid ya ce su ci kifi kawai su huta, shi kuwa Lurwanu ya ce ba zai yi kwana tara ba nama ba, kuma ba zai ci naman da bai san yankansa ba, ba haka Baba ya tarbiyyantar da shi ba. Sai suka ga wannan, an rubuta duk abincinsa kosha ne. Akwai wani dattijo mai gemu da ƙaramar hula a tsakar ka, aikinsa ke nan ya zauna a kicin ya ga ba a karya ƙa'ida ba. Nama sai an jiƙa shi an barbaɗe da gishiri ya tsotse jinin. Ba a haɗa nama da madara, ko tukwanensu daban-daban ne. Ranar farko ya ci gasasshen rago ya nemi shayi da madara, ma'aikaciyar ta dube shi kamar ya nemi giya a Harami. Ya ɗan yi murmushi da ya zo nan.

Radiyya ta ga murmushin.

"Sai kuma me?"

"Ran Asabar ba sa kunna wuta. Tun Juma'a da yamma suke dafa wani abu kamar wake da nama da dankali, su bar shi kan ƙarfe mai ɗumi ya kwana. Da burodi mai kitso. Ko lif ba sa dannawa, shi yake tsayawa da kansa a kowane hawa. Mutane ne masu riƙo da abinsu, wallahi. Sun girmama mu. Dattijon ma da ya ga ina neman alƙibla shi ya nuna min."

"Ran Asabar," ta ce a hankali.

Ya gane a daidai lokacin da ta faɗa. Ta ga ganewar ta sauko masa daga goshi zuwa baki.

Ran Asabar ɗin nan ne Aminat yayarta ta kira daga Damagaram. Ta ce jiya Inna ta yi ta kiran sunan Radiyya tun safe, tana tambaya ko jirgin ya sauka. Yau kuma an wayi gari bakin ya rufe. Tana ji, tana gani, tana hawaye, amma kalma ba ta fita. Aminat ta kanga mata wayar a kunne, Radiyya ta yi ta cewa "Inna, ni ce, Inna, ni ce," ba abin da ya dawo sai numfashi. Da ta ajiye, a nan ƙasan kicin ɗin ta zauna ta kira mijinta tana kuka har ba ta iya haɗa magana. Ya ce ta yi haƙuri, ya fito daga aji ne, da ya dawo zai shiga wurin mudir ko da faɗa. Bayan muryarsa tana jin iska da ƙarar ruwa. Har tausayinsa ta ji, ta ce ya koma kada a yi masa faɗa.

"Kana ina lokacin?"

"Radiyya..."

"Kana ina?"

"A baranda."

"Ka ci waken?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta so ta yi ihu. Ta so ta ɗauki tukunyar shurbar ta maka a bango, maƙwabta su ji, masu dabinon ƙasa su ji. Amma Kawu yana firgita da ƙara, in ya firgita sai ya yini yana kuka yana neman mahaifiyarsa. Ko yanzu, ko a wannan halin, jikinta ya san haka kafin zuciyarta. Sai ta yi maganar ƙasa-ƙasa, kuma hakan ya fi ihun ciwo.

"Ka je ka tsuguna gaban Kawu ka tambayi hukuncin nama. Ka ji tsoron Allah a kan abin da zai shiga cikinka. Ka bincika wa ya yanka, da me ya yanka, a wace tukunya aka dafa. Ni fa? Ni ba ka tambayi kowa hukuncina ba? Ba malamin da ka samu ka ce, malam, matata tana kuka uwarta na mutuwa, ni kuma ina da hutu a aljihu, ya halatta in tafi teku?"

"Na gaji ne!" Muryarsa ta fashe, ya yi saurin danne ta. "Wallahi ta'aban, Radiyya, na gaji. Shekara huɗu. In fita aiki, in dawo in yi masa wanka, in ɗauke shi in ajiye shi. Mutumin da yake ɗaga rabin sa a kafaɗa. Jiya ya dube ni ya ce wane ne wannan baƙon. Ke yana ganinki ya ga ƙanwarsa, ya yi murmushi. Ni ɗansa, baƙo. Na ji in ban fita ba zan mutu. Kwana tara kawai na ce, in yi barci, in dawo mutum."

Ta dube shi, ta ga gaskiya yake faɗa. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Da ya zo mata da wannan maganar wata ɗaya da ya wuce, da ita za ta haɗa masa jaka. Da ta ce je ka, Yaya, ka huta, in ka dawo ni ma in je. Ta san kanta. Da har turare za ta saka masa a cikin kayan.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Da na gaya miki akwai hutu, da kin ce ki tafi."

"Eh. Da na ce."

"Ni kuma in zauna da shi ni kaɗai, safe da rana da dare, yana tambayata wane ne ni. Ba zan iya ba. Tsoro nake ji."

Wani tunani ya zo mata a hankali, mai sanyi, kamar ruwa yana bin ƙasan ƙofa.

"Sau nawa mudir ya hana ka?"

Bai ɗago ba.

"Yaya. Sau nawa ka tambaye shi?"

"Ban taɓa ba."

Ta dafa bakin wurin wanke-wanke. Wata takwas. Duk sujadar nan, duk bayan Ramadan da bayan Hajji. Watannin da Inna take iya magana, tana cewa a waya, "Ba komai, 'yata, ki kula da yayana, aljannarki ce," da harshe mai nauyi amma ana ganewa. Da ta je a watan farko, da sun yi hira. Da ta je a na biyar ma, da Inna ta sa mata albarka da bakinta. Wannan ba jirgin da zai mayar mata da shi.

"Kwana nawa ya rage maka?"

"Na me?"

"Na hutun."

"Ashirin da ɗaya." Ya matso, ya miƙo hannu, bai kai ga taɓa ta ba. "Habibti, ki saurare ni. Zan gyara. Bari in yi magana da Hanan, ko bayan wata ɗaya ta zo, sai mu tsara, in ya so mu tafi tare ma, in gaida Gwaggo..."

"Kar ka ce min bayan."

Daga masallacin unguwa aka fara kiran la'asar. Ta wanke hannunta, ta share da gefen mayafi, ta wuce shi ba tare da kafaɗarta ta taɓa tasa ba. Tana jin son nan yana nan inda yake, bai tafi ko'ina ba, sai dai ya zama kamar haƙori mai ciwo, ko iska ta taɓa shi sai ta ji har ƙwaƙwalwa. Ba ta san abin da zai zama tsakaninsu ba. Ba yau za ta sani ba, kuma ba shi ne a gabanta ba.

Kawu yana kwance yadda ta bar shi, yana motsa leɓe yana amsa kiran salla. Ta ɗauko dutsen taimamarsa ta ajiye masa kusa da hannu, ta durƙusa a gaban gadon. Lurwanu ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kawu."

"Na'am, 'yar nan."

"Ka gane ni?"

Ya ƙura mata ido. "Radiyya ce mana. 'Yar Tasallah."

"Tasallah ba ta da lafiya, Kawu. Ta daina magana."

An gaya masa wannan ya fi sau goma, kuma kowane karo sabo ne a wurinsa. Fuskarsa ta yamutse. "Subhanallahi. Tasallah? To ke me kike yi a nan?"

Hawayen da ta riƙe tun azahar suka zubo. Ba ta share su ba. Ta miƙe tsaye, ta juya yadda su biyun za su ji ta, ta yi magana da muryar da ba ta taɓa amfani da ita a gidan nan ba.

"Tafiya zan yi, Kawu. Yaya zai yi min huruji da auda yanzu, kafin ya fita masallaci, ina tsaye ina kallo. Gobe zai shiga wurin mudir ya karɓi kwana ashirin da ɗayansa. Shi zai ba ka abinci, shi zai ba ka magani, shi zai zauna da kai ko ka gane shi ko ba ka gane shi ba. Ni jirgin farko zan bi zuwa wurin Inna, kuma ba zan sa ranar dawowa ba sai na ga idonta."